Shari'ar Hanifa: Wata Shida Daga Kamu Zuwa Hukunci

Ranar Alhamis, 28 ga Yulin 2022, Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke wa Abdulmalik Tanko da Hashimu Isyaku hukuncin kisa ta hanyar rataya, saboda sace Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar, da kashe ta. Ni a shagon tela labarin ya same ni, daga wata 'yar rediyo da ke rataye jikin ƙusa a saman keken ɗinki. Telan ya tsayar da keken, ya shafa fuska ya ce alhamdulillahi, sannan ya dube ni ya ce, "To Malam, yaushe za a rataye su?" Mu huɗu ne a shagon, babu wanda ya iya ba shi amsa.

Tun ranar nake juya wannan shari'a a raina. A ƙasar da kusan kullum sai an ji an sace wani, shari'o'in garkuwa da suka kai ga hukunci a idon jama'a 'yan kaɗan ne, kuma a cikinsu da wuya ka sami wadda ta yi saurin ta Hanifa. An kama mutumin a Janairu, an yanke masa hukunci a Yulin shekarar. Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotu tun hantsi yana jiran a kira ƙararsa, daga ƙarshe magatakarda ya ba shi sabuwar rana, ya san wata shida a shari'ar kisa ba ƙaramin abu ba ne. Ya kamata mu san abin da ya kawo wannan saurin, domin shi ne abin da sauran 'ya'yan mutane suke rasawa.

Hanifa ɗaliba ce a makarantar Noble Kids Academy da ke Kwanar Dakata, a ƙaramar hukumar Nassarawa, kuma Tanko shi ne mai makarantar. Ranar 4 ga Disamban 2021, tana kan hanyar komawa gida daga Islamiyya, aka ɗauke ta a A Daidaita Sahu. Babu bindiga, babu tare hanya. Yaro ba ya gudun malaminsa. Bisa bayanin da rundunar 'yan sandan Kano ta fitar ta bakin kakakinta, Abdullahi Haruna Kiyawa, Tanko ya kai ta gidansa da ke Tudun Murtala, ya ajiye ta kusan mako biyu, ya nemi danginta su biya kuɗin fansa naira miliyan 6. Ranar 18 ga Disamba, da ya tabbatar yarinyar ta san shi kuma za ta faɗi sunansa duk ranar da ta koma hannun iyayenta, sai ya ba ta guba. Shi da bakinsa ya gaya wa manema labarai cewa maganin ɓera na naira 100 ya saya. Hashimu Isyaku ne ya taya shi binne ta a wani rami marar zurfi a harabar wata makarantar tasa da ke Kwanar 'Yan Gana, a Tudun Murtalan.

Abin da har yau ba ya barin zuciyata shi ne watan da ya biyo baya. Yarinya tana ƙasa, shi kuwa yana ci gaba da neman kuɗi a hannun iyayenta. Danginta sun shaida wa manema labarai cewa yana cikin mutanen farko da suka zo yi musu jaje lokacin da ta ɓata. Sai a cikin Janairun 2022, kusan mako bakwai da ɓatanta, jami'an DSS da 'yan sanda suka cafke shi a lokacin da ya fito karɓar kuɗi. Shi ya kai su inda ramin yake. Aka tono gawar, aka kai ta Asibitin Muhammad Abdullahi Wase.

A nan ya kamata a rarrabe. Idan aka ce garkuwa da mutane, hankali yakan tafi dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, wurin masu babura da manyan bindigogi. Amma akwai wata garkuwar ta cikin unguwa, wadda maƙwabci ko ɗan uwa ko yaron shago ko malami yake shiryawa, kuma ita ce ta fi ƙarewa da kisa, domin wanda aka sace ya san fuskar wanda ya sace shi. Ta Hanifa irin wannan ce. Ta fuskar shari'a kuwa, irin wannan ta fi kamuwa: wanda ake zargi yana da gida da sana'a a gari, an sami gawa, an sami wurin da aka binne ta, an sami abokan haɗin baki, shi ma ya yi magana. Mai gabatar da ƙara bai shiga kotu hannu rabbana ba.

Kano ta girgiza a makon nan. Hoton yarinyar ya cika Facebook da Twitter. Kwanaki kaɗan da kama Tanko, wasu suka banka wa makarantar wuta cikin dare. Gwamnatin jiha ta soke lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu, ta ce sai an sake tantance su. Uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, ta goyi bayan kiran da wani malami ya yi na a kashe wanda ya kashe Hanifa a bainar jama'a. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya yi alƙawarin cewa da zarar kotu ta yanke hukuncin kisa zai sa hannu ba tare da ɓata lokaci ba. A gidana ma abin ya shigo har tsakar gida. Islamiyyar yaranmu ba ta fi tafiyar minti biyar ba, sun saba tafiya su kaɗai da jakunkunansu, amma daga makon nan mahaifiyarsu ta fara sa hijabi tana raka su har bakin ƙofa, da yamma kuma ta koma ta tsaya jikin katanga tare da wasu iyaye mata da su ma suka fara zuwa. Ƙaramar ta taɓa tambayarta ko malaminsu ma zai iya sace su. Ba ta sami abin ce mata ba.

Na fahimci fushin, ni ma na yi shi. Amma ƙona makarantar kuskure ne. Wurin da ake zargin yana da alaƙa da laifi wurin bincike ne, wuta ba ta zaɓen abin da za ta cinye, kuma yaran da suke karatu a can ba su kashe kowa ba. Soke lasisin makarantu gaba ɗaya shi ma ya fi kama da neman hucewar jama'a fiye da gyara. Abin da ya amfani Hanifa a cikin wannan fushi shi ne ya sa idon kowa a kan fayil ɗinta, har babu wani jami'i da zai iya danne shi a aljihun tebur.

Ranar 24 ga Janairu aka gurfanar da su gaban kotun majistare a Gidan Murtala. A nan ne galibin shari'o'in kisa da garkuwa suke maƙalewa, kuma mutane da yawa ba su san dalili ba. Majistare ba ta da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne. Abin da take yi kawai shi ne ta ba da umarnin a tsare wanda ake zargi a gidan gyaran hali, 'yan sanda su miƙa fayil ga ma'aikatar shari'a, lauyoyin gwamnati su duba su ba da shawara, sannan a rubuta takardar tuhuma a shigar a Babbar Kotu. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana iya cin watanni. Wani fayil ɗin ba ya barin ofishin 'yan sanda, wani ya je ma'aikata ya tarar da tsibi a gabansa, wani kuma ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a same su da laifi ba, ba a kuma wanke su ba.

A shari'ar Hanifa wannan tsanin gaba ɗaya an haye shi cikin makonni. Kwamishinan Shari'a kuma Babban Lauyan jihar na lokacin, Musa Abdullahi Lawan, shi da kansa ya jagoranci masu gabatar da ƙara, kuma a cikin Fabrairu magana ta riga ta isa Babbar Kotu a sakatariyar Audu Baƙo. Ba wata sabuwar doka aka ƙirƙiro ba. Da dokokin da ke nan aka yi aiki, kundin hukunta laifuka na jihar, wato Final Kod, da dokar tafiyar da shari'o'in laifuka ta 2019. Bambancin kawai shi ne wanda ke riƙe da alƙalami ya ga dama.

Da aka je Babbar Kotun, sai da aka ɗan dakata saboda waɗanda ake tuhuma ba su da lauya, har hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta ta shigo. Na ji mutane da yawa suna tsine wa lauyoyin da suka tsaya musu, suna cewa wane mai imani ne zai kare wanda ya kashe yarinya. Ina ganin ba su yi wa lauyoyin nan adalci ba. Doka ba ta yarda a yi wa mutum shari'ar da za ta iya kai shi ga rataya ba tare da lauya ba, kuma da an yi hakan, da Kotun Ɗaukaka Ƙara za ta iya rushe komai ta ce a koma farko. Lauyan da ya tsaya wa Tanko, ko ya sani ko bai sani ba, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa hukuncin.

Sai kuma abin da ya ba jama'a mamaki. Mutumin da kowa ya gani a bidiyo yana bayyana yadda ya sayi guba, da aka karanta masa tuhuma a gaban alƙali sai ya amsa laifin haɗa baki kawai, ya musanta sauran har da kisan. Mutane suka ce ai ya riga ya faɗa da bakinsa, me kuma ake jira? Amma abin da mutum ya faɗa a gaban kyamara ranar da 'yan sanda suka yi holinsa ba shi ne shaida a kotu ba. Sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ce iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa ko tilas ba ya karɓuwa, kuma idan wanda ake tuhuma ya ce tilasta shi aka yi, sai kotu ta tsaya ta yi wata ƙaramar shari'a a cikin shari'ar don tantance hakan. Bugu da ƙari, a laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya ce ya aikata, kotu tana rubuta masa cewa bai amsa ba, domin dole gwamnati ta kawo hujja. Saboda haka sai da aka kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, aka gabatar da kayan hujja, lauyan kariya ya yi musu tambayoyi, waɗanda ake tuhuma su ma suka kare kansu. Shari'o'in garkuwa da yawa a nan suke faɗuwa, saboda 'yan sanda sun dogara ga takardar iƙirari ita kaɗai, ba su nemi komai a bayanta ba. Ranar da mutum ya ce dukansa aka yi ya sa hannu, shi ke nan ginin ya rushe.

Hukuncin da kansa ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutum uku aka gurfanar kuma ba ma'auni ɗaya aka yi musu ba. Tanko da Hashimu an same su da garkuwa da kisan kai, aka ce a rataye su, aka kuma ƙara musu ɗaurin shekara biyar-biyar saboda haɗa baki. A kan kisan, alƙali ba shi da zaɓi: sashe na 221 na Final Kod ya ce wanda aka samu da kisan kai irin wannan hukuncinsa kisa ne, roƙon sassauci ba ya rage komai. Hashimu ba shi ne mai makarantar ba, ba kuma a gidansa aka ajiye yarinyar ba, amma hukuncinsa ya zama daidai da na ubangidan tafiyar. Wannan darasi ne da ya kamata ya shiga kunnen duk wani matashi da ake ja cikin irin wannan harka da sunan taimako kaɗan, ka riƙe mini waya, ka kai abinci, ka haƙa rami. Ta ukunsu mace ce, kotu ba ta same ta da kisa ba, ta same ta da haɗa baki da yunƙurin aikata laifi, aka ɗaure ta shekara biyu. A ranar na ji masu cewa shekara biyu wasa ne, ita ma a haɗa da ita. Ni kuwa wannan ɓangaren ne ya fi sa na yarda da hukuncin. Gari yana tafasa, gwamna ya yi magana, fadar shugaban ƙasa ta yi magana, amma alƙalin ya auna wa kowa gwargwadon abin da aka tabbatar a kansa. Da fushin titi ne ya rubuta hukuncin, da igiya uku za a nema.

Yanzu tambayar telan. Hukuncin Babbar Kotu ba shi ne ƙarshe ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda aka yanke wa kisa damar ɗaukaka ƙara kai tsaye zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan zuwa Kotun Ƙoli, kuma muddin ƙara tana gaban kotu ba a taɓa shi. Wannan ba sabon abu ba ne. A Jihar Oyo an taɓa kashe wani Nasiru Bello alhali ƙararsa tana jiran saurare, iyalinsa suka kai gwamnati kotu, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce abin da aka yi ya saɓa wa doka. Kotunan nan biyu kuwa cunkoson da ke gabansu yakan sa ƙara ta ci shekaru. Ke nan alƙawarin da Ganduje ya yi a Janairun 2022 alƙawari ne da da wuya ya iya cikawa a zamaninsa, ko da niyyarsa ta gaskiya ce. Ya sauka ranar 29 ga Mayun 2023 ba a zartar ba.

Ko an ƙare da kotuna ma, sai gwamna ya sa hannu, kuma gwamnonin Najeriya sun daɗe suna gudun alƙalamin nan. Zartar da kisan da aka sani a shekarun baya-bayan nan a Jihar Edo aka yi, mutum huɗu a 2013, mutum uku a ƙarshen 2016. Waɗanda ke zaman jiran kisa a gidajen gyaran hali sun haura dubu uku. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ma ta tanadi cewa idan mutum ya ƙare duk hanyoyin ɗaukaka ƙara, aka yi shekara goma ba a zartar ba, Babban Jojin jiha yana iya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Ga kuma ikon afuwa da sashe na 212 na tsarin mulki ya ba gwamna. A aikace, "kisa ta hanyar rataya" a ƙasar nan yawanci zaman kurkuku ne marar wa'adi. Kowa yana iya samun ra'ayinsa a kan hukuncin kisa, amma bai dace a riƙa yi wa iyayen da suka rasa ɗa alƙawarin abin da aka san ba a yi ba.

Duk da haka jihohi sai rige-rigen tsananta doka suke yi. Legas ta yi tata a 2017. A Katsina Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a 2019 kan gyaran da ya tanadi kisa ga masu garkuwa da ɓarayin shanu. Zamfara ta bi sahu a 2022 zamanin Bello Matawalle, har da masu kai wa 'yan bindiga bayani. Garkuwa ba ta tsaya a jihohin nan ba. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Mai shirin sace yaro ba ya buɗe kundin doka ya duba ko kisa ne ko shekara ashirin. Lissafinsa shi ne: za a kama ni? Idan an kama ni, wani zai iya tsayawa a kotu ya nuna ni? Muddin amsar ita ce da wuya, tsananin hukuncin da ke rubuce ba ya tsorata shi.

Kwana shida kacal kafin hukuncin Hanifa, ranar 22 ga Yulin 2022, Mai Shari'a Binta Nyako ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a shari'ar Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume. Ajiye shari'o'in biyu kusa da juna yana nuna abubuwa da yawa. An kama Wadume a Ibi ta Jihar Taraba ranar 6 ga Agustan 2019 bisa zargin garkuwa da mutane. A kan hanya sojojin bataliya ta 93 da ke Takum suka buɗe wa motar 'yan sandan wuta, 'yan sanda uku suka mutu tare da fararen hula, shi kuma ya kuɓuta. Bayan mako biyu aka sake kama shi a Hotoro, a Kano. Tuhumar farko da 'yan sanda suka shigar ta haɗa da sojoji goma, cikinsu har da kyaftin. Da ofishin Ministan Shari'a Abubakar Malami ya karɓi ƙarar a 2020, sai aka cire sunayen sojojin, aka ce sai rundunarsu ta gama da su tukuna. A cikin tuhume-tuhumen akwai zargin karɓar kuɗin fansa naira miliyan 106. Da aka zo hukunci, daga tuhuma 13 biyu kawai aka same shi da su, tserewa daga hannun hukuma da mu'amala da haramtattun bindigogi, aka ɗaure shi shekara bakwai da lissafi daga lokacin da aka kama shi. Garkuwar da ta jawo komai ba a tabbatar da ita ba. A Afrilun 2024 ya fito, ya koma Ibi, jama'a suka yi dafifi suna tarbarsa.

Ban ga laifin alƙaliyar a nan ba. Kotu ba ta hukunci da abin da ake faɗa a gari, sai da abin da aka ajiye a gabanta, kuma wanda ba a tabbatar da laifi a kansa ba, doka ta ce ba shi da shi. Tambayar tana wuyan waɗanda suka haɗa ƙarar. A Kano gwamnati ta zuba duk ƙarfinta a kan fayil ɗin, kuma wanda ake tuhuma malamin makaranta ne da ba shi da kowa a sama. A Abuja kuwa ƙarar ta taɓa kaki, sai aka fara rage mata nauyi tun kafin a kira shaidar farko. Haka shari'ar Evans a Legas, wanda ya yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane, aka kama shi a Yunin 2017, sai a Fabrairun 2022 aka yanke masa hukunci na farko, ɗaurin rai da rai. A Kanon ma, Paul Owne da ke cikin waɗanda suka sace yaran Kano da aka gano a Onitsha a 2019, ya sami hukuncin shekara 104 a Yulin 2021 ne saboda ya amsa tuhuma 38 da ake yi masa. Abokan tuhumarsa da suka musanta, tasu shari'ar ta ci gaba da jan ƙafa shekaru.

Shaida ita ce ƙashin bayan komai, kuma ita ce abin da muka fi sakaci da shi. Wani maƙwabcinmu, ɗan kasuwa ne mai ƙaramin ƙarfi, an taɓa sace ɗan ƙaninsa a ƙauyensu. Suka sayar da gona da shanu biyu suka biya, yaron ya dawo. Bayan 'yan watanni aka kama mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da su ne, kuma yaron ya gane shi. Maƙwabcin nawa ya ɗauki abin da zafi. Shi yake biyan kuɗin motar yaron da mahaifinsa zuwa kotu, wani lokaci har ɗan sandan da ya yi binciken sai ya sa masa mai a babur kafin ya zo. Zama na farko ba a kawo waɗanda ake tuhuma daga gidan yari ba, wai babu mota. Na biyu lauyan gwamnati yana wata kotun. Na uku alƙali ya tafi taro. Ana cikin haka sai wani dattijo daga ƙauyen waɗancan ya je wurin mahaifin yaron da daddare, ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, tunda Allah Ya dawo maka da ɗanka lafiya, ka bar wa Allah. Kai ma kana da sauran 'ya'ya, kuma gonarka tana bakin daji." Bai ɗaga murya ba, har addu'a ya yi kafin ya tashi.

Mahaifin ya kwana bai runtsa ba. Gidansa ba shi da katanga mai tsawo, ofishin 'yan sanda mafi kusa yana da nisa, kuma babu wanda ya taɓa ce masa akwai wata kariya da ake ba mai shaida. A kotu zai tsaya ne da fuskarsa da sunansa da sunan ƙauyensa, dangin waɗanda ake tuhuma suna zaune a benci suna kallonsa. Ɗansa ba ya Facebook, babu gwamnan da ya je masa jaje, babu kwamishinan da ya ɗauki fayil ɗinsa. Da ranar zama na huɗu ta zo, maƙwabcina ya aika da kuɗin mota kamar yadda ya saba, ƙanin ya dawo masa da su ta hannun direban, ya ce a gaya wa Yaya ya yi haƙuri, shi ya yafe. An ɗage ƙarar sau biyu ana jiran shaidu. A na ukun lauyan waɗanda ake tuhuma ya roƙi kotu ta kori ƙarar saboda masu gabatarwa sun kasa kawo kowa, kotu ta amince, aka sallame su. Maƙwabcin nawa ya ce da damina ta zagayo, ƙanin bai noma gonar bakin dajin ba, ya ba da ita aro.